BIRKIN TIRELA MAI AIKI DA LANTARKI: A DUBA WAYA KAFIN A SAYI ƘARFE

In kaka ta yi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, hanyoyi ba su hutawa. Tun daga watan Oktoba har Disamba ana ta jigilar gero da dawa da gyaɗa da riɗi da shinkafa, waɗansu daga wajen Wurno da Kantoga da Sundimina zuwa cikin Birnin Kudu, waɗansu daga Fagam da Basirka da Kila zuwa kasuwar Sara. Mai jigilar kuwa, ko ta ina ya ɓullo, da wuya ya rasa hawa babbar hanyar nan da ta taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, ta ratsa Birnin Kudu, ta kai Babaldu inda hanyar Ningi da Bauchi ta rabu. Hanya ce ta manyan motoci dare da rana. Ƙasar kuma ta duwatsu ce, akwai hawa akwai gangara.

To, a yi lissafi. Buhu 30 mai kilo 100 tan 3 ke nan, ban da nauyin tirelar kanta. Motar a-kori-kura da ke jan ta nauyinta wajen tan 2 ne. Watau abin da ke baya ya fi abin da ke gaba nauyi. In aka zo gangara direba ya taka birki, tirela kuwa ba ta kama nata ba, sai ta yi ta tura motar, ko ta karkatar da ita ta gicciye hanya. Abin da ke kan layi a nan shi ne amfanin shekara guda, da motar da galibi bashi ne ya saye ta, da ran direba da yaran mota.

IRE-IREN BIRKIN TIRELA

Da yawa daga cikin tirelolin tarakta da masu walda ke haɗawa ba su da birki ko kaɗan, sun dogara ga na taraktar. Manyan tireloli na kan titi birkin iska gare su. Akwai kuma waɗanda ke kama birki da kansu in tirela ta tunkuɗi motar da ke jan ta. Na huɗu shi ne birki mai aiki da lantarki. Wannan a Amurka ya fi yawa, can ne wani mai suna Arthur Warner ya kafa kamfanin yin sa a 1927. Akan same shi nan ga tirelolin da aka shigo da su na hannu daga can, irin na ɗaukar ƙaramar tarakta, ko injin casa, ko dabbobi.

Ƙa'idar neman laifi a birkin lantarki ita ce ƙa'idar neman laifi a fitilun kowace tirela. Saboda haka ko wanda tirelarsa ba ta da irin wannan birki, abin da ke tafe zai yi masa amfani wajen jar fitilar baya da sigina.

YADDA YAKE AIKI

A cikin kowace ƙafa akwai gangar birki, wadda makanikai ke ce wa dirom, tana juyawa tare da taya. A cikin gangar akwai layinin birki guda biyu, da wani ɗan maganaɗisu wanda bai kai tafin hannu ba, a rataye a ƙarshen wani hannun ƙarfe. Wannan maganaɗisu ba ya kama ƙarfe sai an ba shi wuta, gama waya ce kawai aka nannaɗe a jikin ƙarfe. Wani Bature mutumin Ingila, William Sturgeon, shi ya fara nuna irinsa a 1825.

In direba ya taka birki, wani ɗan akwati da ke kusa da sitiyari, wanda ake kira kwantirola, sai ya aika da wuta ta waya zuwa tirela. Maganaɗisun ya manne wa fuskar gangar ta ciki. Da yake gangar juyawa take yi, sai ta ja shi, shi kuma ya ja hannun ƙarfen, hannun ya buɗe layinin ya matse jikin ganga. In wuta ta yi yawa kamun ya yi ƙarfi, in ta yi kaɗan kamun ya yi sanyi. A lura da abu guda: juyawar taya ita ce ke matse birkin, lantarki kama hannu kawai yake yi. Don haka in tirela na tsaye ba za a ga kome ya motsa ba ko da birkin lafiya lau yake.

MA'AUNI UKU

Wanda ya taɓa ban ruwa da injin a fadama ya riga ya san rabin karatun. Ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, kwatankwacinsa a lantarki shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta tiyo shi ne amfiya. Abin da ke tare ruwa kuwa, kamar lanƙwasa ko laka a cikin tiyo, shi ne om. An sa masa sunan wani malamin Jamus, Georg Ohm, wanda ya bayyana a 1827 cewa in aka raba bolt da om sai a sami amfiya.

Batirin mota bolt 12 ne. Maganaɗisun gangar inci 10 ko inci 12 om nasa tsakanin 3 da 4 ne, yana kuwa shan wajen amfiya 3. Tirela mai birki biyu tana shan wajen amfiya 6, mai birki huɗu wajen amfiya 12. Ya kamata mai tirela ya rubuta waɗannan lambobi ya ajiye a mota, domin da su za a gane lafiya da rashinta.

INDA LAIFI YA FI ƁUYA

Ga inda lantarki ya bambanta da ruwa. Ruwa in ya shiga gona ya tafi ke nan. Lantarki kuwa ba ya tashi daga batir sai yana da hanyar komowa. Hanyar komowar ita ce masu gyaran wayar mota, waɗanda ake kira riwaya, ke ce wa at. A tirela wata farar waya ce da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen shasi, ta bi ta filogi ta koma mota.

Maganaɗisu huɗu in aka haɗa su a waya ɗaya, om nasu gaba ɗaya yakan sauko wajen 1. To, a ce tsatsa ta ci gindin notin nan na at har ta ƙara om 1. Jimla ta zama 2. A raba 12 da 2, saura amfiya 6 a maimakon 12. Ashe tsatsar da ba ta kai girman ƙumba ba ta cinye rabin wutar birkin tirela mai tan 3.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne fitilun baya sukan ci gaba da kamawa. Dalili kuwa, ƙaramin ƙwan fitilar baya mai wat 5 bai shan ko rabin amfiya ɗaya, ƙanƙanuwar hanya ta ishe shi. Sai mai tirela ya ga wuta ja a baya ya ce waya lafiya take, lalle maganaɗisu ne ya mutu. Ya aika Kano a nemo sabo, kayan da ba a kowane shago ake samu ba, a ɗaura, birki kuma yana nan yadda yake. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum ne tsamin ke daga tulu ba, wani lokaci daga rijiya yake. Maganaɗisu yana kulle cikin ganga, ruwa da ƙura ba su cika samunsa ba. Filogi da noti da waya su ne a waje, su ke shan damina da ƙurar hunturu da girgizar hanyar burji. A kansu ya kamata zato ya fara faɗawa.

KAYAN AIKI

Ba a bukatar kaya masu tsada. A tanadi mita ta awon lantarki irin wadda masu gyaran rediyo da sola ke riƙewa. A tanadi ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, a liƙa masa wayoyi biyu. A nemi doguwar waya mai kauri wadda za ta kai daga batir zuwa ƙarshen tirela, da samfefa, da giris kaɗan, da jak.

Amfanin ƙwan nan babba ne. Mita kusan ba ta shan wuta, saboda haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba za ta nuna bolt 12, mutum ya yi zaton kome daidai. Ƙwan mai wat 55 kuwa yana shan amfiya 4 da wani abu, ya ɗara abin da maganaɗisu ɗaya ke sha. In hanya ta ƙuntata sai ya yi ja-ja kamar garwashi, ko ya ƙi kamawa. Gani ya kori ji.

Kafin a fara, a sauke kaya, a tsaya a wuri mai daidai, a sa duwatsu gaba da bayan tayoyi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin tirelar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da gungume.

MATAKI NA FARKO: GEFEN MOTA

A fara daga inda wuta ke fitowa, a bi ta daki-daki. A auna batir: lafiyayye da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6. A duba kawunansa, in farin gari ya taru a kankare. A duba fiyus ko ɗan makashin da ke kan wayar da ke kai wuta ga kwantirola.

Kwantirola wayoyi huɗu gare ta: baƙa daga batir, fara zuwa at, ja daga makunnin fitilar birki, shuɗiya zuwa tirela. Iri biyu ne. Wata tana ƙara wuta a hankali da zarar an taka birki. Wata kuwa tana auna yadda mota ke rage gudu, ta ba da wuta gwargwadon haka. Irin ta biyun in mota na tsaye ba ta ba da wutar kirki ko an taka birki har ƙasa, mutane da yawa sun jefar da lafiyayya saboda rashin sanin wannan. Kowace kwantirola tana da ɗan hannu na kama birkin tirela da yatsa. Da shi za a yi dukkan gwaji, bayan an murɗa ma'aunin ƙarfi ya kai ƙarshe.

Sai a koma soket na bayan mota. Mutum ɗaya ya danna hannun kwantirola, ɗaya ya sa ƙwan gwaji tsakanin bakin birki da bakin at. In ya haska sosai, mota ta fita daga zargi. In ya yi duhu, a cire wayar ƙwan daga bakin at a taɓa ta ga tsabtataccen ƙarfen mota. In ya haska yanzu, at na motar ne ya lalace. In har yanzu duhu, laifin yana kan shuɗiyar waya ko kwantirola.

MATAKI NA BIYU: FILOGI

A buɗe filogin tirela a duba ciki. Koren tsatsa, baki da ya lanƙwashe, noti da ya saki, silin waya da ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa, ƙasar da zanzaro ya gina, duk ana samunsu, musamman ga tirelar da ta yi damina a ajiye filoginta na kwance a ƙasa. A goge kowane baki har ya yi ƙyalli, a matse notuna, a shafa giris kaɗan don tare ruwa. A girgiza wayar da ke bayan filogi sa'ad da ake gwaji, gama nan ne take yawan karyewa ta ciki alhali robarta lafiya.

MATAKI NA UKU: AT NA TIRELA

A bi farar waya har inda aka ɗaure ta ga shasi. A kwance notin, a goge ƙarfen da samfefa har fenti da tsatsa su fita, a mai da shi da sabon wasa, a matse, sa'an nan a rufe da giris. Gwaji mafi sauri shi ne a ɗauki doguwar wayar nan a haɗa kan batir mai alamar ragi da tsabtataccen ƙarfen tirela. In birki ya farfaɗo nan take, an kama ɓarawo.

Waɗansu masu gyara sukan bar farar waya a tsinke, su ce ai ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota ƙarfe ce, wuta za ta koma ta nan. Takan koma, amma ba kullum ba. Ƙugiya tana da giris da ƙasa, tana kuma tsalle. A kan kwalta mai santsi birki ya kama, a kan gargada ya saki, ya sake kamawa da fizga. Irin wannan birki ya fi wanda babu shi sam hatsari, domin direba ya riga ya sakankance da shi.

Ga alamar mugun at da kowa zai iya gani da dare: in aka sa sigina sai dukkan fitilun baya su yi ta ƙiftawa tare, ko in aka taka birki sai fitilar baya ta dushe. Wutar da ta rasa hanyarta ce ke bi ta cikin sauran ƙwayaye tana neman gida.

MATAKI NA HUƊU: WAYA A ƘARƘASHI

A bi shuɗiyar waya da hannu tun daga filogi har ƙafafu. A duba inda ta ratsa huda a ƙarfe, da inda kututturen dawa ko kara ya fizge ta a gona, da inda ɓera ya ci a lokacin ajiya. Duk inda aka ga dunƙulen salatif a buɗe shi, galibi murɗa wayoyi kawai aka yi aka naɗe, ruwa ya shiga ya yi kore. Irin wannan haɗi a yanke shi a yi sabo da dalma.

Akwai wuri ɗaya da ido ba ya gani. A tireloli da yawa wayar da ke kai wuta ga ƙafar ɗaya gefen ta cikin bututun aksul take bi. Shekara da shekaru tana gogar ƙarfe har robarta ta cinye. In birkin gefe ɗaya ya mutu, ko fiyus na ƙonewa sai an shiga gargada, a zargi wannan waya. Maganinta a yanke ta daga bakin nan da bakin can, a ja sabuwa ta bayan bututun, a ɗaure ta sosai ta gefen baya inda kara ba zai same ta ba. Sabuwar waya kada ta gaza tsohuwar kauri. Siririyar waya irin ta rediyo ita ma tana cin wuta kamar tsatsa.

MATAKI NA BIYAR: MAGANAƊISU

Sai an wuce waɗannan duka kana a zo kan maganaɗisu, shi ma ba sai an kwance ganga tukuna ba. A danna hannun kwantirola, a kara kunne kusa da kowace ƙafa, mai aiki yakan yi ɗan gunji ko ƙas. Ko a kawo kamfas irin na neman alƙibla kusa da ganga, in wuta ta shiga allurarsa za ta karkata. Sa'an nan a ɗaga ƙafar, a juya taya da hannu, a danna: lafiyayyen birki zai tsai da ita cak.

Ƙafar da ta ƙi, a raba wayoyinta biyu daga sauran a auna om. Tsakanin 3 da 4 lafiya. In mita ta nuna babu hanya sam, naɗin ya tsinke. In ta nuna ƙasa da haka da nisa, naɗin ya ƙone ya haɗe. A kuma auna tsakanin waya ɗaya da ƙarfen jikin maganaɗisun, nan bai kamata a sami hanya ba ko kaɗan. Wayoyin nan biyu ba su da gaba ba su da baya, kowace aka kai at daidai ne.

Mai son auna amfiya ya yi hattara. Ƙananan mitoci galibi iyakarsu amfiya 10, tirela mai birki huɗu kuwa tana shan 12. A auna aksul ɗaya ɗaya. In aksul mai birki biyu ya nuna wajen 3, ɗaya ba ya aiki. In ya wuce 6 da nisa, wuta na zurarewa wani wuri.

IN LANTARKI LAFIYA, BIRKI KUMA BABU

Wani lokaci amfiya ta cika, birki kuwa sanyi. To, a kwance ganga. In robar da ke tare giris ɗin boris ta lalace, giris yakan malale ya shafe layinin da fuskar maganaɗisu, sai su yi ta santsi. Layinin da ya sha giris ba ya wankuwa, sai sabo. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar maganaɗisu, in ta cinye ta gefe ɗaya, ko jan ƙarfen naɗin ya fara leƙowa, ya gama aiki. In za a sake, a sake na ƙafa biyu na aksul ɗin tare, don kada gefe ya fi gefe kamu. Kada a hure ƙurar cikin ganga da baki, tsofaffin layini suna iya ƙunsar abin da ke cutar da huhu, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Haka kuma birki da yawa irin wannan ba su gyara tazararsu da kansu. Ta wata 'yar huda a bayan faranti akwai ƙaramin gare mai haƙora. A murɗa shi har taya ta yi wuyar juyawa, sa'an nan a sassauta har ta juya da ɗan gogi kaɗan.

TARKON LAUNIN WAYA

Ga wani abu da ya kamata kowane riwaya ya sani. Launin waya na Amurka dabam, na Turai dabam. A tsarin Amurka shuɗiya ita ce ta birki. A soket mai baki 7 na tsarin Turai, wanda shi ne aka fi gani a bayan taraktocin da ke ƙasar nan, shuɗiya ta fitilar hazo ce, ja ita ce ta fitilar birki, rawaya siginar hagu, koriya siginar dama, ruwan ƙasa da baƙa fitilun baya. Fara kuwa sun yi tarayya a kanta, ita ce at. Wanda ya yanke filogin Amurka ya haɗa launi da launi a na Turai, ya ɗora birki a kan makunnin fitilar hazo ke nan. Kowane baki a gwada shi da ƙwai a ga aikinsa kafin a haɗa.

Waɗansu kuma in ba su da kwantirola sai su haɗa birkin tirela kai tsaye da fitilar birki. Wannan mugun gyara ne. Da an taɓa birki sai bolt 12 ya tafi gaba ɗaya, tayoyin tirelar da ba kaya su kulle su ja ƙasa, wayar fitila kuma ba a yi ta don amfiya 12 ba, fiyus ya ƙone, a rasa birki a rasa fitila lokaci guda. Tarakta ba ta zuwa da kwantirola. Mai son jan irin wannan tirela da tarakta lalle ya sa mata.

MAKUNNIN TSINKEWA

A wuyan tirela akwai wani ɗan makunni mai igiyar ƙarfe, da ƙaramin batir a akwati. Igiyar ana maƙala ta ga jikin mota. In tirela ta kuɓuce, igiyar ta fizge wani ɗan tsinke, batirin ya kama birki duka. Dokar Amurka ta ce manyan tirelolin kasuwanci in sun kuɓuce birkinsu ya riƙe aƙalla minti 15. Batirin nan ƙarami ne, in ya yi wata da watanni ba caji sai ya mutu. Gwajinsa: a cire filogi daga mota tukuna, a zare tsinken, a ja tirela kaɗan a ga ko ta ƙi motsi, sa'an nan a mai da tsinken nan da nan. In aka tashi da safe aka tarar tayoyi a kulle, ko ganga ta yi zafi ba a taka birki ba, a fara duba ko yara sun zare tsinken wajen wasa.

MISALI

A ɗauka wani manomi ya yi lodin riɗi daga wajen Fagam zai kai Sara. Direba ya ce masa, "Alhaji, tirelar nan tana tura ni a gangara." Aka kira riwaya. Alhaji ya ce, "Malam, ai fitila na kamawa, ka faɗi kuɗin ƙarfen kawai a aika Kano." Riwaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin sa'a tukuna." Ya sa ƙwan gwaji a soket na mota, ya haska. Ya sa shi a wayoyin ƙafar baya, ya yi ja kamar garwashi. Ya ja doguwar waya daga batir zuwa ƙarfen tirela, ƙwan ya haska fes. Ya bi farar waya ya tarar da notinta ya yi tsatsa a ƙarƙashin laka. Samfefa da sabon wasa da giris suka gama aikin. Da an bi ta Alhaji, da an yi kwana biyu ana jiran saƙo, kasuwa ta wuce, a kuma hau hanya da birkin da bai warke ba.

KAFIN A HAU HANYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan bincike a yi shi tun watan Satumba, kafin a fara girbi. In an gama gyara, a nemi fili miƙaƙƙe inda ba mutane, a yi gudun wajen kilomita 40 a sa'a, a danna hannun kwantirola kaɗai ba tare da taka birkin mota ba. A yi ta ƙara ƙarfi har taya ta kusa kullewa, sa'an nan a rage kaɗan. Tirela da kaya tana son ƙarfi fiye da wadda ba kaya, don haka a sake saiti duk lokacin da aka yi lodi ko aka sauke. Bayan an yi tafiya kaɗan a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowace ganga: wadda ta yi sanyi ƙalau ba ta aiki, wadda ta fi sauran zafi da nisa tana riƙewa.

Kowace safiya kafin a tashi, yaron mota ya tsaya a baya ya ga fitilar birki da sigina, direba kuma ya ja kaɗan ya danna hannun kwantirola ya ji tirela ta riƙe shi. Minti biyu ne. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna iya tsai da mota kan rashin fitila, amma birkin tirela ba mai ganinsa daga waje, amanarsa na hannun mai ita da direbansa.

Wanda tirelarsa ba ta da birki sam, ya rage lodi, ya sa ƙaramin giya tun kafin ya shiga gangara, in tarakta ce ya haɗe takalman birkinta biyu da maratayinsu kafin ya hau titi, ya liƙa jan kyalle mai ƙyalli a baya, kada kuma ya ɗora leburori a kan buhuna. In an gama jigilar kaka za a ajiye tirela, a rataye filogi bakinsa na kallon ƙasa, a rufe shi da leda, a cire ƙaramin batirin a kai shi inuwa ana yi masa caji wata-wata.